Abin da Nake Roƙo a Kashi na Uku

Zuwa ga Kyaftin ɗina, sanyin idona, inuwar da nake gudowa idan ranar aiki ta gasa ni, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, matata kuma shugabata a ruwa da tudu,

Gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda waya ba ta iya ɗauka. Na gwada wayar ai, kin sani. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da tafiyarki gidan Yaya don ki kasance kusa da asibitin da ake gasa miki hannu. Kullum ina kira, kullum kina ɗauka, kuma kullum hirarmu ba ta kai tafasar ruwan shayi. Ka ci abinci? Na ci. Ya hannun? Da sauƙi. Daga nan sai in ji fankar ɗakin Yaya tana ta juyi a cikin kunnena. Ni da nake gane ciwon firji daga kukansa tun ina bakin ƙofa, kina tsammanin ba zan gane muryar matata ba idan ta yi sanyi? Shi ya sa na sayi takarda da biro, na share gefen teburin shago, na zauna tsakanin wani mataccen injin firji da tukunyar gas, na ce yau sai na amayar da abin da ke cikina. Idan kin ga baƙin tabo a gefen shafin nan, man inji ne. Mijin Yaya zai biyo ya karɓi na'urar sanyaya ɗakinsu da na gyara, shi zan ba ya kawo miki.

Ya hasken ɗakina, gidan nan ya zama wani iri! Kujerar falo ta lotsa ta gefenki, kuma lotsawar ba ta tashi ba, tana nan tana jiran mai ita. Kofinki mai tsagaggen hannu yana kife inda kika bar shi. Na wanke shi sau biyu ba tare da an sha komai a ciki ba, don kawai in samu dalilin riƙe shi. Tsuntsayen da kike zuba wa ɓarɓashin burodi a taga suna zuwa su leƙa, su ga ni ne, su tashi. Ko su ma sun san wa ke da gidan.

To ga labari, kuma na so a ce ina kallon fuskarki lokacin da za ki ji shi. Masu ƙera wasanmu sun yi magana! Gem ɗinmu na jirgin ruwa, wasan nan na na'ura a talabijin, wanda muka shekara takwas muna bugawa duk ranar Asabar da rana, ke a kan sitiyari da mashi kina ba da umarni, ni a bayanki ina ɗaukar kaya, ina toshe ɓula, ina kwashe ruwa da bokiti, har kika raɗa mini Ɗan Dako. Kashi na uku yana tafe, tare da sabuwar na'ura. Har sun buɗe wani shafi sun ce duk mai buga wasan ya rubuta abin da yake so a saka. Ina tsaye a kan tsani a gidan wani mutum, wayata ta yi ƙara, na duba, saura kaɗan in faɗo da ni da sukundireba. Na juya in ce, “Kyaftin, kin gani?” Sai na ga bangon mutane kawai, da maigidan yana kallona yana tambaya ko wuta ce ta ja ni.

Shekara nawa muna jiran wannan rana? Sau nawa muka kwanta a kafet bayan mun gama wasa, ƙafafu a kan kujera, muna tsara musu kashi na uku kamar su ne suka ɗauke mu aiki? Yau ga ƙofa sun buɗe, ni kuma ga ni ni kaɗai.

Kin tuna yadda aka fara? Satinmu na biyu da aure. Na ɓoye na'urar a cikin akwatin tafiya a saman kabad, na lulluɓe ta da tsohon bargo, domin abokaina sun tsorata ni cewa mace ba ta ƙaunar ganin miji da pad, abin danne-dannen wasa, a hannu. Kwana goma sha huɗu ina ta yin dattako, ina karanta jarida a falo kamar kakana. Ran nan na dawo daga aiki da wuri, tun daga matakala nake jin kiɗan da na sani. Na tura ƙofa, na same ki zaune dirshan a ƙasa, ɗankwali ya zame, harshe a gefen baki, kin riga kin wuce tsibirin da ya hana ni sakat wata guda cur. Ko juyowa ba ki yi ba. Kika ce, “Wanda yake buga wannan kafin ni, Allah ya ba shi lafiya, ya sha wahala.” Sannan kika miƙo mini ɗayan pad ɗin ta bayan kafaɗarki. Wallahi ranar ɗaurin aure ina sonki, amma a wannan yammacin ne na san na dace. Na zauna a gefenki da kayan aiki a jikina, ina warin gas, kuma tun daga nan ban sake neman wani wurin zama a duniya ba.

Na fara cike musu shafin nan shekaranjiya. Bari ki ji abin da na rubuta, ki ga ko na wakilce mu da kyau.

Abu na farko, na ce kada su kuskura su raba mu. Yanzu yayi ne kowa da na'urarsa, kowa a ɗakinsa, abin magana a kunne, mutum yana ihu shi kaɗai kamar mai fama da aljanu. Na ce mu dai a bar mana allo ɗaya a rabe biyu da kujera ɗaya. Ta yaya za ki zungure ni da gwiwar hannu idan na jefar da bokiti a teku, in kina wani ɗaki? Rabin daɗin wasan nan a haƙarƙarina yake, kuma ban yarda a ɗauke mini shi ba. Wace waya ce za ta kawo mini ƙamshin man gashinki lokacin da kika kwanto gefe ɗaya, wai don jirgi ya fi saurin shan kwana? Ba ya ƙara saurin komai, zinariyata, na daɗe da sani. Ban taɓa faɗa miki ba ne saboda gefena kike kwantowa.

Na kuma yi wa sabuwar na'urar kashedi. Ta daina tashi sabunta kanta daidai lokacin da mutum ya wanke hannu ya gyara zama. Mako guda tana zaune a ƙarƙashin talabijin ba ta da aikin fari ba ta da na baƙi, sai ranar Asabar ƙarfe biyu za ta ce a ba ta minti arba'in. Kuma idan wuta ta ɗauke, ta riƙe mana inda muka tsaya. Na ba su labarin ranar da muka yi awa uku muna ratsa hazon nan, muna hango fitilar gaɓa sai ɗif. Ban gaya musu cewa kin kwanta rub da ciki a kafet kin ce ke kin gama magana da duniya ba, wannan sirrin gida ne. Ban kuma gaya musu cewa da na kawo miki shayi kin sha a kwance, kina harara ta kamar ni ne mai kamfanin wuta ba.

Sai batun kyanwar jirgi. Shekara takwas kina zuwa gabanta kina danna kowane maɓalli ko za a bar ki ki shafa ta, ita kuma tana kallonki tana lumshe ido. Na rubuta musu da manyan baƙaƙe: a bar mutane su shafa kyanwar! Me zai rage su da shi? Na ce kuma a ƙara wa ɗan dako girman jaka, domin akwai wata baiwar Allah da ba ta iya wuce ko ɓawon kifi a bakin teku ba ta ce a ɗauka ba, wai zai yi amfani gaba. Jakata cike take da duwatsu masu kyau tun kashi na ɗaya, kuma har yau gaban bai zo ba.

Akwai wanda na daɗe ina tunani kafin in rubuta. Na ce a saka maɓallin zama. Ba na yaƙi ba, ba na tsalle ba, na zama kawai. Mutum biyu su zauna a goshin jirgi su saki ƙafafu a kan ruwa, babu dodo, babu agogo mai ƙirga lokaci, rana tana gangarawa. Kuma na roƙe su su bar mutanen nan biyu su tsufa. Tun kashi na ɗaya fuskarsu ba ta canza ba, mu kuwa ga ni da tumbi, ke ga silin furfura uku da kike cewa hasken fitila ne. Ina so in ga kyaftin da farin gashi tana yi wa tsohon ɗan dakonta tsawa a kan bokiti. Ina so in ga yadda za mu zama, furen zuciyata, ko da a allo ne, kafin mu isa can da ƙafafunmu.

Har nan ina rubutu ina murmushi. Sai na iso wani akwati da suka ce: me kake so a canza a jikin pad? Nan yatsana ya tsaya. Na ajiye wayar a kan tebur, na fita ƙofar shago na tsaya ina kallon motoci, domin na san amsar, kuma na san ba ni da bakin faɗinta.

Bari in faɗi abin da na yi da bakina, daga farko har ƙarshe, tunda ranar da abin ya faru in-ina kawai na yi ta yi.

Wata bakwai ke nan da injin matse littattafai na maɗaba'arku ya kama hannunki na dama. Ba zan manta farin bandejin nan ba, da yadda kika riƙa ba ni haƙuri a gadon asibiti kamar ni ne aka ji wa ciwo. Likita ya ce babban yatsa da manuni ba za su riƙa lanƙwasuwa kamar da ba, sai dai abin da gashi da motsa jiki suka dawo da shi. Wata huɗu na'urar tana rufe da ƙyalle, ban kalle ta ba, ba ki kalle ta ba. Ranar da kika yaye ƙyallen da kanki kika ce, “Ɗan Dako, jirgi ya yi tsatsa,” na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ki ji ni. Kika koyi ɗora pad a kan matashi a cinyarki, kina danna maɓallai da yatsan tsakiya da na kusa da shi. Da farko jirgin ya yi ta karo da duwatsu. Kika yi ta dariya, kina cewa sabon direba ne, a yi haƙuri. A hankali kika dawo, tsibiri bayan tsibiri, har muka iso wurin ƙatuwar ƙaguwar nan ta ƙarshen kashi na biyu, wadda kika sa wa suna Hedimasta saboda ba ta barin kowa ya wuce sai ya maimaita aji.

Asabar biyar tana kayar da mu. Ina kallon gefen fuskarki, ina ganin yadda kike cije leɓe, yadda kike yarfe hannun a ɓoye idan ya ƙage, kina tsammanin ban gani ba. A Asabar ta biyar ba ki yi dariya ba. Kika ajiye pad a hankali, kika daɗe kina kallon yatsunki. Zuciyata ta karye, abar ƙaunata. Ni kuma kin san halina, ba na iya ganin abu yana wahala hannuna bai kai kansa ba. Sana'ata ke nan, a kawo mini abu yana kuka, in buɗe bayansa in ɗaure wani ƙusa, mai shi bai ma san me na taɓa ba, ya tafi yana godiya. A Asabar ta shida, kina kicin kina haɗa shayi, na shiga wurin saitin wasan na kunna taimako, wannan da ke rage zafin dukan dodo, yake kuma gyara wa mutum saitin jifa. Minti ɗaya bai cika ba na fito. Kika shigo da tire, na karɓa ina wani fara'a.

Kuma muka kayar da ita! Ya Allah, wannan ihun! Kika miƙe tsaye a kan kujera, matashi ya yi gabas, pad ya yi yamma. Kika ɗaga hannun nan sama, hannun da wata bakwai kike ɓoyewa a cikin mayafi idan mun fita, kika ce, “Ka gan shi? Ka gan shi? Yana aiki!” Kika sumbaci yatsunki ɗaya bayan ɗaya kina kuka kina dariya. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarki a wannan minti ba, kuma ban taɓa jin tsoro kamar na wannan minti ba. Sai sunayen masu ƙera wasan suka gama wucewa, allon sakamako ya fito, ga wani ɗan tauraro a ƙasa da rubutu ƙanana: an yi amfani da taimako.

Kika karanta. Kika sake karantawa. Kika sauko daga kan kujera, kika dube ni, ni kuma na dubi tire. Ba ki ɗaga murya ba, da ma kin ɗaga. Kika ce, “Kowa buɗe mini kwalba yake yi. Kowa ɗaure mini igiyar takalmi yake yi. A wurin aiki sun mayar da ni kan tebur ina amsa waya. Nan ne kaɗai ya rage inda ba a jin tausayina, kai kuma ka kwaso tausayin ka shigo da shi har nan. Da ka bar ni na faɗi sau ɗari da hannuna.” Washegari da kina haɗa jakar tafiya gidan Yaya, kika ce in ba da pad ɗinki, ko in sayar ko in kyautar, ke kin gama.

Kalmomin nan suna bina har cikin gidajen mutane. Ina kwance a bayan firji ina jin su. Gaskiya kika faɗa, babu ko harafi ɗaya da zan cire. Na ɗauka ina share miki hanya ne, ashe abin da kike nema a hanyar ke nan na share. Ba ƙaguwa kike son kayarwa ba, amsa kike nema daga hannunki, ni kuma na yi karambani na amsa a madadinsa. Wane irin so ne wannan, da zai sa mutum ya yi wa masoyiyarsa ƙarya da yatsa ɗaya yana murmushi? So ne, wallahi so ne, amma so ne mai rawar kai wanda bai iya zama wuri ɗaya ba. Ki yafe mini, ruwan sanyina. Na yi kuskure, kuma kunyarsa ba ta sake ni ba har yau.

Da na dawo kan shafin nan, na cike akwatin da abubuwa. Pad mai rabuwa biyu, da za a iya ɗora kowane ɓari inda ya fi daɗi. Maɓallan da mutum zai matsar duk inda yatsansa ke kaiwa. Wani abin takawa da ƙafa kamar na keken ɗinki. Na rubuta layi goma sha biyu, na karanta, sannan na goge su duka. Wa ya aike ni? Ga ni zan sake yin abin da na yi, ina yanke wa hannunki abin da yake buƙata ba tare da na tambaye shi ba. Wataƙila kina son waɗannan, wataƙila wasu daban kike so, wataƙila ba kya son komai. Ke kika san inda yake ƙagewa. Abu ɗaya kawai na bari a akwatin, domin shi ni ya shafa. Na ce sabuwar na'ura ta hana kowa taɓa saitin wani sai mai shi ya danna da kansa, kuma idan miji ya gwada ta ɓoye, ta ɗauki kururuwa kamar motar da ɓarawo ya taɓa, har maƙwabta su fito.

Yanzu ki gyara zama, domin akwai abin da ban faɗa miki a waya ba. Na ji tsoron ki ce wata dabarar ce.

Jiya da hantsi na ɗauko pad ɗinki mai ruwan toka, na ce bari in goge shi in gwada maɓallansa kafin in san yadda zan yi da umarninki. Na kunna wasan, na bar na'ura ta riƙe mini sitiyari a gurbinki. Ba ta iya ba, kuma ba ta zagina, abin ba daɗi. Na shiga wurin Hedimasta. Ta kai mini duka, na ga jinina ya ragu ɗan kaɗan kamar sauro ne ya cije ni. Na yi jifa a karkace, jifan ya gyara kansa a iska ya same ta a ido. Ga ɗan tauraron nan yana ƙyalli a kusurwa. Na ce to, taimakon ke nan, yana nan inda na saka shi. Sai na ajiye, na ɗauki baƙin pad ɗina don in kwatanta. Babu tauraro. Duka biyu ta yi mini na zube.

Na zauna riƙe da pad biyu, ɗaya a kowane hannu, sai na gane. Taimakon nan ba sunan mutum yake bi ba, pad yake bi, lamba ɗaya ko lamba biyu. Shekara takwas lamba ɗaya ke ce, mai ruwan toka, ko a mafarki aka tambaye ni haka zan ce. Ran nan ina sauri, ina jin ƙarar cokalinki a kofi, na kunna wa lamba ɗaya na fito. Na manta sam cewa tun makon da kika dawo wasa muka yi musaya. Ke da kanki kika ce maɓallan baƙin nawa sun fi laushi saboda na cinye su da danna, kika karɓe shi kika ba ni naki. Ranar da muka kayar da ƙaguwa, baƙin ne a kan matashinki. Mai ruwan toka yana hannuna.

Kin gane, Kyaftin? Ni aka yi wa taimakon! Ni, mai yatsu goma lafiyayyu! Ke kuwa kin shiga gaban Hedimasta da cikakken zafinta, ba a rage miki ko ƙwayar duka ɗaya ba, kowane mashi da ya same ta ke kika saita shi da yatsu biyu a kan matashi. Kuma kin tuna sau biyu na faɗi a wannan yaƙin, kika bar sitiyari kika zo kika tashe ni? Da taimakon a jikina ke nan fa. Har ina hura hanci a raina ranar, ina cewa yau hannuna ya faɗa, jifana ba ya kuskure. Na yi dariya ni kaɗai a falo har na ƙware, daga nan dariyar ta juye ta zama wani abu, na kifa kaina a lotsawar kujerarki na daɗe ban ɗago ba. Na sake gwadawa da baƙin pad sau tara kafin la'asar. Sau tara tana watsa ni a teku.

Ban faɗa miki wannan don in wanke kaina ba. Laifina yana nan yadda yake, ko ma ya ƙaru. Na kalli hannunki na yanke cewa ba zai iya ba, alhali a daidai wannan lokacin shi ne yake ɗauke da ni. Abin da na so yi miki mummuna ne, Allah ne kawai ya sa ban iya shi ba. Amma ihun nan da kika yi a kan kujera naki ne, halal ɗinki ne, kuma kwana goma sha biyu ke nan kina zaune da tunanin na bogi ne saboda ni. Ba zan iya barin ki ƙara kwana ɗaya a haka ba. Yana aiki, masoyiyata. Abin da kika faɗa ran nan gaskiya ne, hannunki yana aiki.

Kada ki yarda da maganata. Na zubar da wannan damar da kaina, kuma sai na sake nemanta a hankali. Ban taɓa saitin ba tun da na gani, yana nan yadda yake. Idan an sallame ki daga gashin, ki zo ki kunna da kanki, ki ɗauki pad ɗaya bayan ɗaya ki duba inda tauraron yake. Ni zan tsaya a bakin ƙofa, hannuwana a aljihu. In kin gani kin ce duk da haka kin gama da wasa, zan rufe na'urar da ƙyalle, in zauna kusa da ke ranar Asabar mu kalli bango tare, kuma ba za ki ji ƙorafi daga bakina ba. Ke nake so, ba jirgi ba. Amma pad ɗinki ban sayar ba, ban kyautar ba, kuma ba zan yi ba. Na saɓa umarninki, ga shi ina faɗa miki a fili da rubutun hannuna, kin ga ko nan na fara gyaruwa.

In kuwa kin yarda kin sake hawa sitiyari, ya sarauniyar tekuna, na yi miki alkawari a gaban Allah: ba zan sake taɓa abin da yake naki a bayan idonki ba, a wasa ko a wajen wasa. In kin faɗi, zan bar ki ki faɗi, in faɗi a gefenki, mu tashi mu sake. In kwalba ta ƙi buɗuwa, zan zauna a kan hannuwana sai kin ce in karɓa. Zai yi mini wuya, kin san ni, za ki ga ina mutsu-mutsu kamar mai jin fitsari, amma zan koya.

Alfarma ɗaya kawai nake nema, kuma a wannan karon tambaya nake yi kafin in taɓa. Taimakon nan da ke kan pad ɗin da nake riƙewa, ki ba ni izini in bar shi a kunne. Na gwada babu shi, Kyaftin, ba zan iya bin ki ba.

Naki ke kaɗai, a bayanki da bokiti, yau da gobe da ranar da yatsunmu duka za su gaji,

Mijinki.